Daga Ina Ƙarfin Ɗan Dambe Ya Ke Fitowa?

A cikin shekarar 1824 wani Bature matafiyi, Kyaftin Clapperton, ya sauka Kano. Da ya ji labarin 'yan damben Hausa, sai ya ba da wuri 2,000 a yi wasa ya gani, amma ya hana a yi da gaske, gudun kada wani ya rasa ransa. Mahauta suka zo da makaɗa. Ya rubuta yadda aka naɗe wa kowane ɗan dambe hannun dama da ƙyalle, tun daga dunƙule har ya wuce wuyan hannu.

To, samari, me ya ke sa naushi guda ya kai ƙato ƙasa? Mu kan ji ku kuna cewa damtse ne. Ba haka ba ne. Ku dubi tsayuwar ɗan dambe. Hannu ɗaya yana gaba, shi ne garkuwa. Naɗaɗɗen, watau mashi, yana baya. In zai kai duka, sai ya tokari ƙasa da ƙafar baya, ƙugu ya juya, kafaɗa ta bi, kana hannu ya iso ɗauke da nauyin jiki duka. Naɗin kuwa shi ke hana wuyan hannu lanƙwashewa, kada ƙarfin ya zube a hanya.

Kakanninmu ba a littafi suka koyi wannan ba, a fage suka gano shi. Shi ya sa siriri wanda ya iya tsayuwa ya kan kayar da ƙaton da ya dogara ga damtse kaɗai. Ko cikin gaɓoɓin mutum guda, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.