Yadda 0.3 ta zama doka

Wata ƙawata da ke fama da ciwon gwiwa ta nuna min kwalbar man CBD, ta ce mai shago ya rantse mata ba wiwi ba ne. Na ce gaskiyarsa a wajen doka, amma a gona shukar ɗaya ce.

A 1976 wasu masana tsirrai biyu, Ernest Small na Kanada da Arthur Cronquist, suka buga wani nazari suna neman raba wiwin da ake nomawa don zare da mai, da wanda ke bugarwa. Suka ja layi a kashi 0.3 cikin ɗari na THC, sinadarin da ke sa maye. Su da kansu sun ce zaɓar adadin kawai suka yi, kuma ganyen sama suka auna, ba fure ba. Shekara 42 bayan nan, dokar noma ta Amurka ta 2018 ta ɗauki adadin nan ta halatta noman duk abin da bai wuce shi ba.

To, fure dai bai san doka ba. Da macen shukar ta fara fure, ƙananan gashi masu danƙo da ke jikinsa sukan fara tara sinadarai, mako bayan mako. CBD na hawa, THC na biye da shi, don tushensu ɗaya. Manomi yana son ya jinkirta girbi saboda CBD ne kuɗinsa, amma jinkirin mako ɗaya ko biyu na iya tsallakar da gonar layin, a ce a lalata ta. Manoma da yawa sun ɗanɗana wannan a 2019. A shekarar ma'aikatar noma ta ce a yi girbi cikin kwana 15 bayan ɗibar samfur. Da koke ya yi yawa, a 2021 aka mayar da shi kwana 30.

Abin da ya dame ni a matsayina na nas shi ne ɗan THC ɗin da ke saura a wasu mayukan. Kaɗan ne, ba ya bugarwa, amma in ana sha kullum yana iya fitowa a gwajin fitsari. Mijin ƙawar tawa direban babbar mota ne, ana gwada su ba sanarwa, kuma ashe shi ma yana ɗiga man a shayinsa da dare. Na ce mata, "Hajiya, ki ɗauke kwalbar nan daga kicin tun yau."