Ƙwayoyin Nano a Maganin Sankara Ta Hanyar Haske: Nazari Daga Mahangar Rurum Tsohon Gari

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ƙwayoyin nano ke cike giɓin maganin sankara da haske ke tayarwa, sannan ta auna wanne gyara ne zai fara amfanar mazauna karkara irin Rurum Tsohon Gari a ƙasar Rano. Matsayarta ita ce sankarar fata, musamman ta zabiyoyi, ta fi cancantar a fara da ita.

Yadda maganin ke aiki

Abu uku ne ke haɗuwa: rini mai jin haske, hasken da ya dace da shi, da iskar oksijin da ke cikin tsoka. Idan haske ya bugi rinin, sai ya miƙa ƙarfinsa ga oksijin, ita kuma ta fusata ta ƙona abin da ke kusa da ita. Fushin ba ya kai ƙiftawar ido, don haka ɓarnar ba ta wuce inda rinin ya zauna. Ba kowane rini ke yin haka ba. Baban da ake turawa a marinar Ƙofar Mata yakan mayar da haske zafi nan take, shi ya sa ba ya saurin koɗewa, shi ya sa kuma ba shi da amfani a wannan aiki.

Oscar Raab ne ya lura da lamarin a Munich wajen 1900. Thomas Dougherty ya gwada shi a kan majinyata a Amurka a 1978, Kanada kuma ta amince da rinin Photofrin a 1993. Sai dai wanda aka yi wa allurarsa dole ya guji rana na aƙalla kwana 30, kuma jan hasken da ke tayar da shi ba ya ratsa jiki fiye da 'yan milimita.

Gudummawar ƙwayoyin nano

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ana ƙunshe rinin cikin ƙwayoyi masu irin wannan ƙanƙanta don kada ya dunƙule a jini. Matsumura da Maeda sun nuna a 1986 cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, manyan ƙwayoyi kan tsiyaya su taru a cikinsa. An ɗora buri mai yawa kan wannan, har wani bita na Wilhelm da abokan aikinsa a 2016 ya gano cewa kusan kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na abin da aka zuba wa dabbobin gwaji ke isa ƙarin. Akwai kuma ƙwayoyin da ke karɓar hasken nanomita 980, mai shiga da zurfi, su mayar da shi wanda rinin ke ji, da waɗanda ke samar da oksijin a tsakiyar ƙari. A Afirka ta Kudu, Tebello Nyokong ta Jami'ar Rhodes ta daɗe tana haɗa rinin ftalosayanin da ƙwayoyin nano. Galibin wannan aiki bai wuce ɗakin gwaji ba tukuna.

Fatar zabiya da ranar Rurum

A ganin marubuci, neman zurfi ya sa an kau da kai daga abin da ke kan fata. Zabiyar da ke noma tsakanin duwatsun Rurum, ko aikin rani da ruwan Tiga, rana na dukan ta daga sama, dutse na mayar mata da ita. Da farko wani kaushi ne ke fitowa a kunne, leɓe ko ƙeya, a ɓamɓare shi ya dawo, mutane su ce ai ƙuna ce. Wannan kaushin ne kan rikiɗe ya zama gyambon sankara, kuma shi ne maganin haske ya fi ƙwarewa a kai. Man Ameluz, wanda sinadarinsa ke tarwatse cikin ɗigon maiƙo masu girman nano, ya samu amincewar Turai a 2011 da Amurka a 2016 don irin wannan kaushi. Shafa shi ake yi, ba allura, a rufe wurin na sa'a 3, sannan a haska jar fitila. Rashin baƙin launi a fatar zabiya ma taimako ne a nan, domin launin ne ke shanye haske kafin ya isa inda ake so.

Amma fa da sauran rina a kaba. Man ba ya son zafi, a firji ake ajiye shi, alhali bazarar Kano kan haura digiri 40. Tsarin da aka fara a Denmak, na zama sa'a 2 a hasken rana maimakon fitila, an gina shi ne kan ranar Turai. Zaunar da zabiya a ranar Rano haka nan zai iya zama gudun gara a faɗa wa zago, don haka fitila mai aiki da batirin sola ta fi dacewa. Gyambon da ya riga ya ci ciki kuwa sai tiyata a manyan asibitoci kamar na koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya.

Gwajin da maƙalar ke ba da shawarar a fara da shi mai sauƙi ne: a ajiye irin wannan mai a ɗakin magani na karkara daga Maris zuwa Mayu ba tare da firji ba, a riƙa auna girman ɗigonsa da ƙarfin sinadarinsa duk mako.