Duwatsun Abeokuta da gyaɗar Gusau

Manomin Tsafe ko Bunguɗu da ya ɗora buhun gyaɗarsa a kan sikeli a Gusau cikin shekarun 1930 bai taɓa ganin teku ba, amma cinikinsa ya dogara ne da wasu duwatsu da aka jibge a bakin tekun Ikko.

Yashi ne babbar matsalar Ikko. A mashigar da ruwan garin ke haɗuwa da teku, yakan taru ya toshe hanya, yau yana nan, gobe ya koma can. Dole manyan jirage su tsaya a waje, ƙanana su riƙa yi musu jigila cikin igiyar ruwa mai kifar da jirgi. Wasu kayan ma sai an kai su Forcados an sauya jirgi.

Wajen 1908 Turawan mulki suka fara miƙa katangun dutse cikin teku, ɗaya gabas, ɗaya yamma, sannan wata gajera daga ciki. A Aro, kusa da Abeokuta, ake fasa duwatsun, jirgin ƙasa ya kwaso su. Dabarar ita ce a matse bakin, yadda duk sa'ad da ruwa ke janyewa zai fita da ƙarfi ya share yashin da kansa. A 1914 babban jirgin wasiƙu ya shiga har ciki. Tashar Apapa ta samu a 1926, dogo kuma ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka sami hanya.

Sai dai gyaran ya zo da ɓarna. A wannan gaɓa yashi daga yamma yake tafiya gabas, katangar yamma kuwa ta tare shi. Bar Beach da ke gabas ta daina samun rabonta, teku ta yi ta cin ta. Shekara da shekaru gwamnatoci na zuba yashi, ruwa na kwashewa, har ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello.

Yanzu an gina katangar Eko Atlantic a gaban Bar Beach, wadda aka tsara tsawonta zai kai kilomita 8.5, an lulluɓe ta da curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Ta kare unguwar masu hali, babu shakka. Abin da ke damuna shi ne masuntan Okun Alfa da ke can gabas, waɗanda ke kukan cewa teku ta juyo kansu, tana cinye musu gidaje da itatuwan kwakwa.