Ciwon Karkarwa a Nijeriya: Nazarin Ayyukan Farfesa Njideka Okubadejo da Gurbin da Ya Rage a Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi binciken da Farfesa Njideka Okubadejo, likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Legas, ta gudanar tare da abokan aikinta a kan ciwon karkarwa, wato cutar Parkinson, daga 2006 zuwa 2024. An auna ayyukan da na magabata a Ibadan da na takwarorinta a Kano, sannan aka duba amfaninsu ga manomi da mai haƙar zinariya a ƙasar Birnin Gwari. Maƙalar ta gano cewa an yi nisa wajen sanin rawar da gado yake takawa a cutar, amma tambayar abin da sana'a da muhalli suke haifarwa tana nan tana jiran wanda zai shiga karkara ya yi ta.

1.0 Gabatarwa

A 1817 ne likita James Parkinson na Ingila ya bayyana cutar da ake kira da sunansa. Asalinta mutuwar wasu ƙwayoyin jijiya ne a wani ɗan baƙin gurbi da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, waɗanda suke samar da sinadarin dofamin. Da wannan sinadari ne ƙwaƙwalwa take daidaita fara motsi da saurinsa da girmansa. Idan ya yi ƙaranci sai motsi ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, hannu ya riƙa rawa yayin da mutum yake zaune bai sa shi aiki ba, babban yatsa yana murza manuniya kamar mai jan carbi. Taku yakan gajarce, hannu ɗaya ya daina lilo wajen tafiya, murya ta yi ƙasa, fuska ta daskare har iyali su ɗauka fushi maigida yake yi. Sau da yawa abin da majinyaci yake fara kuka da shi shi ne tashi daga sujada ko juyawa a kan shimfiɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu cutar sun haura miliyan 8.5, kuma yawansu ya ninka cikin shekara 25. A ƙasar Hausa kuwa akan jingina alamomin ga tsufa, ko sammu, ko taɓin iska, shi ya sa majinyaci yakan daɗe yana zagayen masu magani kafin ya ga likita.

2.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar bitar ayyukan da aka buga a mujallun likitanci, ana tambayar kowane aiki abu biyu: su wa aka bincika, kuma a ina aka same su.

3.0 Tushen da Aka Gada

Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan, wanda ya rasu a 1995, shi ya share fagen. Ya nuna alaƙar wata cutar tangaɗi da lalacewar jijiyoyi da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa shi da kyau ba, sannan ya jagoranci binciken gida-gida a garin Igbo-Ora. Da wannan aiki ne Schoenberg da Osuntokun da abokansu suka fitar da kwatancen 1988: bayan daidaita shekaru, masu ciwon karkarwa 67 ne cikin kowane mutum 100,000 a Igbo-Ora, alhali a tsakanin baƙaƙen fata na wata gunduma a jihar Misisifi ta Amurka 341 ne. Jini kusan ɗaya, adadi ya sha bamban har ninki biyar. Masu binciken sun karkata ga cewa muhalli yana da hannu. Wannan tambaya ce babba, kuma an yi ta tun kafin maganin kashe ciyawa ya game gonakinmu.

4.0 Ayyukan Okubadejo

Aikinta na 2006 a mujallar Movement Disorders bita ce ta abin da aka rubuta a kan cutar a Afirka, kuma ya nuna ƙarancin abin da ke hannu. A 2010 ta bayyana majinyata 124 da aka gani a Legas, waɗanda 98 daga cikinsu cutar Parkinson ce kai tsaye. A Arewa, Farfesa Lukman Owolabi da abokan aikinsa sun buga makamancin wannan a 2012 daga Kano, inda suka bayyana majinyata 96. A duka biyun maza sun ninka mata kusan sau uku, alhali a Turai bambancin bai fi ninki ɗaya da rabi ba. A ganin wannan maƙala, ratar tana nuna wanda ake kai wa asibiti ne fiye da wanda cutar take kamawa. Tsohuwar da hannunta yake rawa a cikin ɗaki ba ta shiga kowane lissafi.

Okubadejo ta kuma juya ga gado. Akwai wani sauyi a ƙwayar gado mai suna LRRK2 wanda ake samu a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka. Binciken da ta buga a 2008 da 2018 bai same shi a majinyatan da aka gwada a Legas ba. Ga mai nazari a Arewa wannan sakamako yana buɗe wata ƙofa, domin ƙasar Hausa ta yi ɗaruruwan shekaru tana fatauci da auratayya da mutanen Agadas da Gadamas da Tarabulus. Ya dace a ware zuriyar waɗannan ayari a Kano da Katsina da bincike na kansu.

A Nuwamban 2016 aka kafa Rajistar Masu Cutar Parkinson ta Nijeriya, wadda ta haɗa likitocin jijiyoyi daga sassan ƙasar, kuma rahotonta na 2020 ya ƙunshi majinyata 825. Wannan rajista ce ta zama gadar babban sakamakon da aka buga a Lancet Neurology a 2023, tare da Dokta Mie Rizig ta Landan da masana daga Amurka. An duba bayanan mutum 197,918 masu asalin Afirka, 1,488 daga cikinsu masu cutar, aka gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 wanda yake jikin kashi 39 cikin ɗari na majinyatan, kuma da wuya a same shi a jinin Turawa. Wanda ya gaji sauyin daga mahaifi ɗaya, haɗarinsa yana ƙaruwa da kusan ninki ɗaya da rabi. Wanda ya gada daga iyaye biyu, ya haura ninki uku. Cutar kuma takan zo musu da wuri. Wani aiki na 2024 ya nuna cewa sauyin yana dagula yadda ƙwayar jiki take karanta umarnin GBA1, sai sinadarin da ke share wani nau'in kitse a cikin ƙwayar ya ragu. Wannan abin alfahari ne, domin likitocin Nijeriya ne suka tara mafi yawan majinyatan, kuma sunayensu suna sahun gaba a aikin. Sai dai a lura, gadon sauyin ba hukunci ba ne: mafi yawan masu ɗauke da shi ba sa kamuwa. Ke nan akwai abin da yake haɗuwa da gado kafin cuta ta tashi.

Akwai wani aikin Okubadejo da ba a cika ambata ba, alhali ya fi kusa da rayuwar talaka. A 2019 ta buga binciken shagunan magani 123 a faɗin ƙasar. Lebodofa, wanda shi ne ginshiƙin maganin cutar kuma yana cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba a same shi a rabin shagunan ba, inda aka same shi kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci.

5.0 Gurbin Birnin Gwari

Ƙasar Birnin Gwari tana yammacin jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, kuma a cikinta Gandun Dajin Kamuku yake. Ƙasar noma ce mai albarka, ƙasar zinariya ce kuma. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Kaduna sun mayar da tafiyar da ba ta kai kilomita 150 ba ta zama abin yin wasiyya. Rajistar da ake cikawa a ɗakin ganin likitan jijiyoyi tana ƙirga wanda ya iso asibitocin Shika ko Kaduna ko Kano ne kawai. Manomin da ke Kuyello ko Randagi, wanda ba ya iya barin gida, ba ya cikinta. Wannan ba aibin masu rajistar ba ne, iyakar tsarin ke nan.

Abin damuwa shi ne a jikin wannan manomi ne amsar tambayar 1988 take. A 1983 wani likita mai suna Langston ya bayyana wasu matasa a Kalifoniya da jikinsu ya sandare cikin 'yan kwanaki bayan sun yi allurar wata ƙwaya da ta gurɓata da sinadarin MPTP. Gubar da wannan sinadari yake rikiɗewa ya zama a ƙwaƙwalwa tana kama da maganin kashe ciyawa na farakwat a ginin sinadari. Binciken Tanner na 2011 a kan manoman Amurka ya samu cewa masu amfani da farakwat sun fi sauran kamuwa da kusan ninki biyu da rabi. Alaƙa ce aka gani, masana kuma suna ci gaba da muhawara a kan ƙarfinta. Tarayyar Turai ta hana maganin tun 2007, a Nijeriya kuma hukumar NAFDAC ta sanar da haramcinsa daga 1 ga Janairu 2024.

Duk wanda ya san gonar damina a wannan yanki ya san yadda ake feshi. Saurayi ya goya tanki, ya dama magani da itace, babu safar hannu, babu abin rufe hanci, ruwan yana tsiyaya a gadon bayansa har riga ta jiƙe. Idan bakin famfon ya toshe sai ya hura da baki. Cutar da ake tsoro ba ta bayyana a wannan damina. Takan ɗauki shekaru da dama, saboda haka haramci na yau bai kankare abin da jiki ya sha jiya ba.

Masu zinariya su ma suna da nasu. Suna murza zaiba da hannu a cikin kwano don ta kama zinariya, sannan su ƙona curin su shaƙi tururin, kuma rawar hannu tana cikin sanannun alamomin gubar zaiba. Annobar gubar dalma ta Zamfara a 2010, da ta ƙaramar hukumar Rafi mai maƙwabtaka a 2015, sun isa shaida a kan abin da haƙar ma'adinai ba kariya take yi wa ƙwaƙwalwa. Ga kuma karkarwar da wasu magungunan taɓin hankali da na tsayar da amai suke haddasawa, wadda takan lafa idan likita ya sauya maganin. Rarrabe waɗannan da cutar Parkinson shi ne aikin farko, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Hanyar ba sabuwa ba ce, ita ce ta Igbo-Ora: mataki biyu. Jami'an lafiya na matakin farko su bi gida-gida da 'yan tambayoyi cikin Hausa, su sa mutum ya buga babban yatsa da manuniya da sauri, ya zana da'ira mai naɗewa a takarda, ya tashi daga zaune ya yi taku goma ya juyo. Mata su shiga wajen mata. A ɗauki hoton bidiyo da waya, da izinin mai jiki, a tura wa likitan jijiyoyi ya tantance. A rubuta shekarun da mutum ya yi yana feshi ko wankin zinariya, a ɗebi jini don duba GBA1, sai a ga ko gado da guba suna haɗa ƙarfi.

Bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024 hanya ta ɗan buɗe, kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta dawo. Muna kira ga masana jijiyoyi na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna, da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da Masarautar Birnin Gwari, su haɗa hannu da masu rajistar ƙasa a yi wannan bincike, bisa sharaɗi ɗaya: duk wanda aka gano yana da cutar a ba shi lebodofa a asibitin garinsa, a ci gaba da ba shi ko bayan masu bincike sun tafi.