Tattarar siket ɗin 'yar tsana: daga ina ta zo mana?

 Tarihin da muka ɗauko yau, wani zai ce ai wasan yara ne. To wasan yaran ne kuwa: 'yar tsana da kayanta, da wannan tattarar da ɗiya mata ke yi wa siket ɗinta a ƙugu.

Mu da muka tashi a ƙauyukan Dallol Mawri mun san 'yar tsana a da ba sayenta ake yi ba. Karan hatsi ne, ko totuwar masara, ko laka, ko ƙashin ƙafar ragon layya da aka kankare aka shanya. A yi mata kitso da baƙin zare, a yi mata biki, a yi suna, a tuƙa tuwon ƙasa. Amma ku tambayi tsofaffi, za su gaya muku tasu 'yar tsanar ba ta san riga ba. Tsumma ake naɗa mata a ƙirji, shi ke nan. Dalili kuwa, su kansu ɗaurin ƙirji suke yi, kuma 'yar tsana ba ta sa abin da uwarta ba ta sa.

Tufa a wancan zamani wahala ce tun daga gona. Mata su gurje auduga, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, sannan masaƙi ya saƙa sawaye waɗanda faɗinsu da wuya ya wuce tafin hannu. A jera su a haɗa gefe da gefe, sai zane ya fito, ko gwado, ko riga. Baturen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai tufafinsa har Tumbuktu da Turabulus. Kayan da aka sha wa irin wannan wuya, wa zai sa musu almakashi ya zubar da saura? Babbar riga ma, da duk girmanta, jeri ce ta sawaye, ba yanka-yanka ba. Ɗinki kuma aikin maza ne, musamman malamai da almajirai masu aikin wuya da aljihu. Tattarar da aka sani ita ce ta wando, wadda zariya ke yi in an ja ta, in an kwance ta baje.

Keken ɗinki ne ya canja lissafin. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar kekensa a 1830, shekara na zagayowa teloli 'yan uwansa suka far wa shagonsa a Paris suka farfasa kekunan don tsoron a raba su da abincinsu. Isaac Singer na Amurka ya samu tasa rajistar a 1851, shekarar da Barth ke zagaya kasuwar Kurmi. Mu nan Arewa sai da aka jima. Sojan Voulet da Chanoine sun bi ta Lugu a 1899 suka gwabza da Sarauniya, bayan 'yan shekaru Faransawa suka kafa bariki a Dogondutsi, daga nan kanti da yadin kanti suka fara samun hanya. A hankali atamfar Holan ta shigo, masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, ta Yamai ma ta biyo baya, wadda muka sani da Sonitextil. Keke mai ƙafa, Singer da Butterfly ɗan Sin, ya zauna a rumfar kasuwa.

Atamfa faɗi gare ta, turmi guda zane uku. In za a fid da wuya da hammata da hannu, dole a yanka, in an yanka dole ƙyalle ya faɗi ƙasa. Wannan ƙyallen shi ne asalin rigar 'yar tsana a ƙasarmu. Wa bai tuna yara mata tsugune bakin rumfar tela ran kasuwa, ana "Baba tela, a ba mu ƙyalle"? Mai kirki ya tura musu da ƙafa, mai rowa ya ce na cusa matashin kai ne. Ido kuma yana kan hotunan da ya manna a bango, da ɗinkin da 'yan ci-rani suka kawo wa matansu daga Abijan da Legas. Abin da yarinya ta gani da rana, shi za ta gwada da marece.

A nan ne hannu ke koyon aiki, don tattara iri biyu ce kuma kowace da sirrinta. Ta farko mai sauƙi: a bi bakin ƙyalle da dogon ɗinki tsalle-tsalle, kada a ƙulle, a ja zaren har ƙyallen ya tsuke daidai ƙugu, a rarraba cunkoson da farce, sannan a ɗinke shi kan ɗan siririn ƙyalle. Wannan tana cin ninki biyu na faɗin ƙugu. Ta biyu ita ce ta ninki, wadda telolin da suka yi lakkol ke kira pilise: a naɗe, a danne, a sake naɗewa, duka su kwanta gefe guda. Ita ninki uku take ci. Ƙugun 'yar tsana in yatsa huɗu ne, sai an samo ƙyalle mai yatsa goma sha biyu, ban da na kalmasa. Yarinyar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan lissafi, domin ta taɓa yanka gajere ta yi kuka.

Kuma ƙaramin abu ya fi babba gardama. Kaurin atamfa bai ragu don 'yar tsana ƙarama ce ba, shi ya sa ninkin ke miƙewa kamar tsintsiya. Sai a nemi tsohon ƙyalle da ya sha wanki ya yi laushi. A jiƙa shi kaɗan, a murje kowane ninki da farce ko bayan cokali, wata ma da haƙori, a tura ƙarƙashin tabarma ya kwana. Wadda ta saci dutsen gugar gawayi na yayanta kuwa, sau da yawa da ƙyallen da yatsan duka suke ƙonewa. Mun ga wannan da idonmu, mun kuma ga dukan da ya biyo baya.

Wasu sukan ce 'yar tsana gunki ce. Malamai sun yi bayani mai tsawo kan siffa, amma ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW). Tamu ta kara ma ko fuska ba ta da ita. Da wa'azi ya yi ƙarfi hijabi ya bazu a Dogondutsi, abin da Adeline Masquelier ta jami'ar Tulane ta rubuta littafi a kai a 2009, ita ma 'yar tsana sai ta sa hijabi, tattarar ta tashi daga ƙugu ta koma gewayen fuska. Wata 'yar Najeriya, Haneefah Adam, da ɗinka wa Barbie hijabi ta yi suna a duniya a 2016.

Abin da ya rage wasan a wajenmu kasuwa ce. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, atamfa ta yi tsada, gwanjo ya cika rumfuna, ɗinki ya koma na salla da biki. Ga bebin roba ta Sin da ke zuwa da rigarta a jiki. Yanzu ga salula. Sakamakon, teloli mata da ke koyar da ɗinki su suka fi kowa ganinsa: a kawo musu budurwa mai shekara goma sha biyar, uba ya biya kuɗin koyo da ƙyar, wata guda ya tafi a zura zare da daidaita kalmasa, abin da iyayenmu suka iya kafin su fara tallan fura.

Telolin Kiéché da na Dutsi, ga roƙonmu: salla na tafe, ƙyalle zai taru. A ware buhu guda a ajiye bakin ƙofa, kada a ƙone. Iyaye mata kuma, allura ba ta fi ƙarfin aljihu ba. Duk gidan da aka adana tsohuwar 'yar tsana ta ƙashi ko ta kara, a taimaka a nuna mana, muna so mu ga irin ɗinkin da ke jikinta.