Kyautar ƙoda

Kyautar ƙoda ita ce mutum ya yarda likita ya cire masa ƙoda ɗaya a dasa wa wanda nasa suka daina aiki. Lafiyayye na iya rayuwa da ƙoda guda. Dashen farko da ya yi nasara an yi shi ne a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin 'yan biyu, ƙarƙashin Dakta Joseph Murray. A Najeriya asibitin St. Nicholas na Legas ya fara a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002.

Masu wayar da kai kan kyautar ƙoda sun fi fama da tsoron mutane da tambayar halacci. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta bayarwa bisa sharuɗɗa, ta haramta sayarwa; dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta hana cinikin sassan jiki. Abin tausayi, mai ciwon da bai samu mai ba shi ba yakan kwanta jikin injin wankin ƙoda na kusan awa huɗu, sau biyu ko uku a mako, iyali na ta neman kuɗin zama na gaba.