Telolin da Suka Yi Ɗinki da Haruffa

A shekarar 1978, wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ya fara rubuta wata manhaja a kan babbar kwamfutar Jami'ar Essex da ke Ingila, ƙirar PDP-10. Ya raɗa mata suna MUD. A 1980 abokinsa Richard Bartle ya karɓi aikin ya faɗaɗa shi. Wasa ne wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta za ta rubuto maka bayanin wurin da kake, kai kuma ka rubuta mata abin da kake son yi da Turanci, ko ka nufi arewa, ko ka ɗauki takobi, sai ta rubuto maka abin da ya biyo baya. An yi wasannin rubutu kafin wannan, kamar Adventure na Will Crowther, sai dai a cikinsu mutum shi kaɗai yake yawo. Sabon abin da MUD ya kawo shi ne mutane da yawa suna shiga duniya ɗaya a lokaci guda, har su yi kiciɓis a ɗaki ɗaya.

Da zarar an sami mutum na biyu a ɗaki, tambaya ta taso: in na dube shi, me zan gani? Amsar wannan tambaya ce ta haifar da ɗaya daga cikin sana'o'i mafi ban mamaki a tarihin wasannin kwamfuta, wato ɗinkin tufafin da babu auduga ko siliki a jikinsu, sai kalmomi. A wasan na Essex ba a kai ga nan ba tukuna. Can abin da ake yi shi ne tattara dukiya a jefa cikin fadama don a sami maki, da faɗa, har mutum ya kai matsayin ƙoli. Sai da aka shafe shekaru kafin tela ya buɗe shago.

Gidaje biyu, matsala biyu

A ƙarshen shekarun 1980 wasannin suka rabu gida biyu. A 1989 James Aspnes na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya saki TinyMUD, inda aka rage faɗa aka fifita hira da gini. Kowane ɗan wasa yana iya gina ɗakinsa, ya kuma rubuta bayanin kamanninsa da kansa. LambdaMOO, wanda Pavel Curtis ya kafa a 1990, a kan wannan turba ya tafi. A irin waɗannan wurare tufafi kyauta ne. Wanda ya ga dama ya rubuta cewa yana sanye da alkyabbar zinare, babu mai hana shi. To amma abin da kowa ke iya samu da danna maballi ba ya da daraja a idon kowa. In duk gari sarakuna ne, rawani ya zama tsumma.

Gida na biyu ya fito daga sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Copenhagen a Denmak, inda wasu mutum biyar suka rubuta DikuMUD suka sake shi a 1991. A nan tufafi kayan yaƙi ne. An kasa jikin ɗan wasa zuwa gurabe: kai, wuya, ƙirji, hannaye, ƙugu, ƙafafu, yatsu da sauransu. A CircleMUD, ɗaya daga cikin 'ya'yan Diku da Jeremy Elson ya fitar a 1993, guraben guda 18 ne. Kowane kaya yana da lamba a cikin fayil, da kalmomin da ake kiransa da su, da gajeren suna, da jimlar da za a gani in an yar da shi a ƙasa, sannan alƙaluma: nauyinsa, farashinsa, da yawan kariyar da yake bayarwa. Masu gina wasan ne kawai ke rubuta waɗannan. Ɗan wasa sai dai ya kashe dodo ya tuɓe abin da ke jikinsa, ko ya saya a kanti.

Sakamakon haka a bayyane yake. Tunda alƙaluma ake bi, duk mayaƙan da suka kai mataki ɗaya sai ka same su cikin kaya iri ɗaya, hular wancan dodo, takalmin wancan kogo, ko sun dace da juna ko ba su dace ba. Kayan suna da daraja domin da wahala ake samunsu, amma babu hannun mai sanyawa a cikinsu. Ke nan gida ɗaya yana da 'yancin rubutu babu tsada, ɗayan yana da tsada babu 'yancin rubutu. Sana'ar tela ita ce ta ɗaura wa waɗannan biyu aure.

Haruffa 15 sau uku

Matakin farko ya zo ta hannun kamfanin Simutronics, wanda ya buɗe GemStone III a 1990 a kan GEnie, wata hanyar sadarwa ta kasuwanci da ake biya gwargwadon sa'o'in da mutum ya yi. Ma'aikatan wasan kan shigo cikin siffar fatake, su kafa tanti ko su tsayar da keken doki a wani gari, su sanar cewa suna gyaran kaya. Sai ka ga an yi cincirindo kamar shagon tela ana jajibirin sallah, har wani lokaci sai an yi ƙuri'a kafin a ɗauki aikin mutum. Wanda ya dace zai miƙa mayafinsa ko jakarsa, ya faɗi yadda yake son a sauya sunan kayan, a yi ciniki a kan kalmomi, fatken ya amince ko ya ƙi.

Wurin rubutun kuwa ƙunci gare shi. Asalin sunan kaya kashi uku ne, kowanne bai wuce haruffa 15 ba, har 'yan wasan suka riƙa kiran tsarin da 15/15/15. Wanda ke son ƙari sai ya nemi dogon suna, ko wani bayani na daban da ake gani in an nuna wa mutum kayan. Ƙarfin kayan ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Mayafin da ya shiga tanti shi ne ya fito, sunansa kawai ya canza. Duk da haka mutane suka yi ta jira, suka yi ta biya da kuɗin wasan da suka sha wahalar tarawa. Wannan ya nuna wa masu ƙirƙirar wasanni wani abu da lissafinsu bai hango ba: ɗan wasa yana son a gane shi in ya shigo ɗaki, kuma zai biya don haka kamar yadda zai biya don takobi mai kaifi.

Allura ta koma hannun 'yan wasa

A 1997 Matt Mihaly ya buɗe Achaea, wasan da shiga cikinsa kyauta ne amma ana sayar da wasu abubuwa na ciki da kuɗi na gaske. Ana yawan ambatonsa cikin waɗanda suka fara wannan salon kasuwanci da yau ya mamaye wasannin waya. A Achaea, da 'yan uwansa na kamfanin Iron Realms kamar Lusternia da aka buɗe a 2004, ɗinki ya zama sana'ar da ɗan wasa ke koya ya riƙe.

Ga yadda aikin yake. Tela zai tsara samfurin riga ta hanyar cike gurabe: gajeren sunan da za a gani a jikin mai ita, jimlar da za a gani in tana yashe a ƙasa, da cikakken bayanin da mai ƙare mata kallo zai karanta. A matsayin misali, gajeren sunan yana iya zama "doguwar riga baƙa mai aikin azurfa a wuya", cikakken bayanin kuma ya yi sakin layi guda yana faɗin irin saƙar, yadda aka naɗe bakin hannu, da inda zaren ya fara kodewa. Daga nan sai ya miƙa samfurin ga masu tacewa. Su ne za su duba nahawu da ƙa'idar rubutu, su tabbatar kayan ya dace da zamanin duniyar wasan, kada a sami zif ko roba a garin da ake yaƙi da takubba. Akwai kuma wata doka da ta yaɗu a wasannin rubutu da dama: kada bayani ya yanke wa mai kallo abin da zai ji. Ba a yarda ka rubuta cewa duk wanda ya ga rigar sai ta burge shi ba. Ka faɗi abin da ido zai gani, ka bar wa mai karatu zuciyarsa.

In samfuri ya tsallake, tela zai sayi yadi a kasuwar wasan ya ɗinka kwafi nawa yake so ya sayar. A Achaea kayan suna tsufa su lalace bayan wasu watanni na wasan, kuma wata guda a can sa'o'i 25 ne na duniyarmu, don haka ciniki ba ya yankewa. A Lusternia har ƙungiyoyin 'yan sana'a ake kafawa masu riƙe da samfuransu na kansu, waɗanda bare ba ya iya ɗinkawa. A idon mai rubuta manhaja, duk wannan layi ne guda a rumbun bayanai mai 'yan gurabe na rubutu. Abin da ya ba shi daraja shi ne shingayen da aka kewaye shi da su: kuɗin koyo, kuɗin yadi, jiran tacewa, da tsufa.

DragonRealms, wanda Simutronics ya buɗe a 1996, ya bi ta wata hanyar da aka sake fasalin sana'o'insa daga baya. Shi wahalar hannu ya kwaikwaya. Tela zai buɗe littafin samfura ya nazarci shafi, ya yanka yadi da almakashi, ya tura allura, wasan ya ce masa aikin na buƙatar fil, ko awo da sanda, ko a goge shi da dutse, kowanne da umarninsa. Ingancin kayan aiki da ƙwarewar tela su ke yanke kyan abin da zai fito. Sai dai duk aikin da ake maimaitawa a kwamfuta, ba a daɗewa wani zai rubuta masa manhajar da za ta yi shi. 'Yan wasa sun yi hakan da kayan aiki irin su Lich, wanda aka gina da harshen Ruby. Yankan yadi da tura allura sun miƙa wuya ga na'ura. Tsara jimlar da za ta sa a tsaya a sake kallon riga kuwa ya ci gaba da zama aikin mutum.

A Armageddon, wasan hamada da ya samo asali a farkon shekarun 1990 inda mutuwa ɗaya ce babu dawowa, tufafi sun kai ga zama batun rai. Ba a ganin sunan mutum, siffarsa ake gani. In ya ja hular alkyabbarsa ya rufe kai, siffar ta ɓace, sai dai a ga wani dogo cikin alkyabba mai hula. Ɓarawo da ɗan leƙen asiri da wannan suke fakewa. A birnin Allanak na cikin wasan kuwa, siliki suturar masu sarauta ce, talakan da ya sa ya jawo wa kansa ido. Mai karatun da ya saba da littattafanmu na Hausa ya san wannan aiki: marubuciya ta ce an shigo cikin gezna mai maiƙo, ko cikin atamfa da ta sha wanki, ta gama faɗa maka matsayin mutum tun bai buɗe baki ba.

Abin da hoto ya kawo, da abin da ya ɗauke

Masu gina wasannin hoto na farko da yawansu daga wannan makaranta suka fito. Raph Koster, jagoran tsara Ultima Online na 1997, a LegendMUD ya goge. EverQuest na 1999 kuma tsarin Diku ya ɗauka ya sa masa hoto. Sun tafi da sana'ar tela, amma ta sauya kama. A Ultima Online ƙwarewa tana ƙaruwa ne da yawan ɗinki, sai 'yan wasa suka riƙa ɗinka riguna da huluna barkatai don lambar ƙwarewarsu ta hau, ba don akwai mai saye ba. Kasuwa ta cika ta batse da kaya iri ɗaya, wasu suka jibge dubbai a gidajensu. Dalilin a fili yake. A wasan hoto, sabuwar riga tana buƙatar mai zane da kuɗi da lokaci, don haka tela sai dai ya zaɓa daga jerin da kamfani ya tanada, ya rina da launin da yake so. Second Life na 2003 ya mayar wa jama'a damar ƙirƙirar tufafi su sayar, amma sai wanda ya iya manhajojin zane. A wasan rubutu, jarin tela bai wuce iya harshe da lura ba.

Achaea da DragonRealms da GemStone, wanda ya koma GemStone IV a 2003, suna nan ana buga su. Cikin masu riƙe da wasannin rubutu har da makafi, domin manhajar da ke karanta musu allo tana karanta bayanin riga daidai da yadda mai gani zai karanta, babu wanda ya fi wani ganinta.

Abin damuwa shi ne makomar rubutun kansa. A 2014 an ajiye lambobin manhajar MUD ta Essex a taskar Jami'ar Stanford, na Diku da Circle kuwa suna yawo a intanet kowa na iya saukewa. Injin ya tsira ke nan. Amma tufafin da 'yan wasa suka rubuta cikin kusan shekaru talatin suna kwance ne a rumbunan bayanai na masu wasannin, kuma a wasannin kasuwanci sharuɗɗan shiga kan mallaka wa kamfani abin da aka rubuta. Ranar da aka kashe uwar garken wani wasa, samfuran kan tafi tare da ita, sai ɗan abin da wani ya kwafa ya adana a kwamfutarsa. Masu tarihin wasanni sun fi bin sawun injiniyoyi, masu tarihin adabi kuma ba su saba leƙa rumbun bayanai ba. Tsakanin su biyun akwai tarin gajerun rubuce-rubuce da aka tsara, aka tace, aka saya, aka sa a jiki, waɗanda har yanzu suke jiran mai tattara su.